Gatarina ya maƙale a kututturen bedi, tsoho ya fasa shi da guntayen ƙarfe uku: ina ƙarfin ya fito?

Baban Nana, Zariya

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, amma sai na bi ta kan labari, ku yi haƙuri da ni.

Iskar da ta zo da ruwan nan na watan Agusta ta kayar mana da bedin ƙofar gida, wanda tun kafin mu sayi filin yake tsaye a wurin. Allah ya kiyaye, katanga kawai ya taɓa. Rassan ba su ba mu wahala ba, ni da yara muka sassare su cikin kwana biyu, uwargida ta sami iccen da zai kai ta kaka. Gindin ne ya gagara. Mutum biyu da ƙyar suke rungume shi. Mai injin yanka ya zo ya raba mana shi gunduwa huɗu, ya karɓi kuɗinsa ya kama gabansa.

Na ɗauko gatarina, wanda na sa aka wasa har yana aske gashin hannu, na ɗaga na sauke da iyakar ƙarfina. Ya shige kamar yatsa uku ya tsaya cak. Na ja, ya ƙi. Na girgiza, ƙota ta fara kuka. Na aro na maƙwabci, mai kaurin baki, shi kuma tsalle ya dinga yi yana dawowa kamar tayar mota nake sara. Haka nawa ya kwana biyu a cikin icce, yaran unguwa na wucewa suna ƙunshe dariya.

Rana ta uku sai ga wani dattijo mai faskare da buhu a kafaɗa. Wallahi ban yi zaton zai kai kilo 50 ba. Muka daidaita a jikka biyu. Ya zazzage buhun: guduma ɗaya, guntayen ƙarfe uku, kowane kamar tsawon taƙi, baki siriri amma babu kaifi, gindi mai kauri. Weji yake ce musu. Bai fara da duka ba. Ya zagaya gunduwar yana bin ta da yatsa, har ya sami wata ƴar tsaga da rana ta yi a gefe. Nan ya kafa na farko, ya ƙwanƙwasa a hankali kamar mai sallama a gidan surukai, sannan ya ja da baya ya fara sauke guduma. A bugu na biyar ko na shida na ji iccen ya ce "ƙas". Ya sa na biyu a gaba cikin tsagar, yana shiga na farko ya saki da kansa. Gatarina ya faɗo ƙasa ba wanda ya taɓa shi. Kafin kiran la'asar gunduwa huɗun sun zama tarin faskare.

Na ce, "Baba, wane asiri ne wannan?" Ya ce, "Ɗana, kai da iccen kake faɗa, ni kuwa hanya nake nema." Ya sha ruwa ya tafi.

Da dare ɗana da ke kwaleji ya ce ai mushensu ya koya musu wannan a lakwal, wai weji na cikin na'urori masu sauƙi, kuma wai wuƙa, ƙusa, haƙoran gaba da goshin kwale-kwalen tabkin Madarunfa da ke kusa da Maraɗi duk abu guda ne. Na ce ya rufe mini baki, ina ruwa ina icce? To amma abin ya tsaya mini a rai. Ƙarfin da ya tsaga kututturen nan daga ina ya fito, tunda tsohon bai kai ni ƙarfi ba? Me ya sa mai kaifi ya maƙale, marar kaifi ya yi aiki? Kuma maganar kwale-kwalen nan, yaron gaskiya ya faɗa ko hadda ce kawai?

Mushe mai ritaya, Ali Ɗan Sofo

Wa alaikumus salam Baban Nana. Ka ba yaron nan haƙuri, bai yi ƙarya ba. Shekaru na yi ina koyar da wannan darasi, kuma kullum da misalin faskare nake farawa.

Weji ba ya haifar da ƙarfi. Ciniki yake yi: kai ka biya da doguwar tafiya, shi ya ba ka ƙarfi a gajeren wuri. Ka ɗauka tsawon na tsohon nan santimita 24 ne, kaurin gindinsa santimita 4. Sai ya nutse duka 24 ɗin kafin ya buɗa iccen da 4 kacal. To 24 a raba da 4, shida ke nan. A lissafin allo, duk ƙarfin da ka danna daga sama, yana komawa gefe da gefe ninki shida. Shi ya sa a littafi ake cewa weji gangare ne mai tafiya. Mai hawa da baro kan tudu, in ya bi ta doguwar hanya mai sauƙin hawa ya fi samun sauƙi a kan ya tunkari gajeriya mai tsayi. A nan gangaren ne da kansa ke shiga ƙarƙashin kaya.

Amma rabin labarin ke nan. Sauran rabin na wajen guduma. A ce kilo 5 gare ta, ta faɗo daga tsayin mita ɗaya da rabi, kuma duk wannan gudun ya ƙare a cikin santimita 1 da wejin ya nutsa. Santimita 150 ke nan aka tattara cikin 1. A wannan ƙiftawar ido, kamar an ɗora wa kan wejin nauyin kilo 750 ne, ko da tsohon sakinta kawai ya yi bai ƙara da ƙarfin damtse ba. Ka ga ke nan nauyin jikinsa bai shiga lissafin ba sam.

Kada ka yi saurin ninka 750 sau shida ka ce tan huɗu da rabi. A takarda ne haka. A cikin icce, gogayyar ƙarfe da katako tana cinye mafi yawan ribar nan, abin da ke saura bai fi ninki ɗaya da rabi ko biyu ba. Duk da haka an haura tan guda a kowane gefe, a kan wuri da bai fi tafin hannu ba, kuma ta inda icce ya fi rauni. Icce kamar damin kara yake: karya shi a tsakiya aiki ne, raba karan da juna kuwa ba wuya. Tsohon naka tsakanin jijiyoyin ya bi.

Gogayyar nan da na ce ɓarauniya ce, ita ce kuma mai gadi. Ba don ita ba, duk bugu ɗaya iccen zai matse ya tofo wejin waje, a koma farko. Ita ke riƙe abin da aka samu har bugu na gaba ya zo. Siririn weji tana riƙe shi gam, mai kauri sosai kuwa matsin iccen ya fi ƙarfinta, sai ya yi tsalle. Gatarinka da na maƙwabcinka ke nan, ɗaya ya faɗa wannan rami, ɗaya ya faɗa wancan.

Kuma ba sabon ilimi ba ne. Heron na Iskandariya ta Masar, a ƙarni na 1 miladiyya, ya lissafa na'urori biyar da ake motsa nauyi da su, weji na ciki, tare da sandar ɓanɓara, da tayar jan igiya irin ta rijiya, da ƙafa mai sanda a tsakiya, da sukuru. Daga baya aka ƙara gangare suka zama shida. Abin da ke ba ni sha'awa, cikakken rubutun nasa ta hanyar fassarar Larabci ya iso mana, wadda Ƙusta ɗan Luƙa ya yi a ƙarni na 9. Ko a nan gida, duwatsun nan masu santsi da manoma ke tsinta a gona ana ce musu gatarin aradu, ba aradu ce ta jefo su ba. Gatura ne na mutanen da, tun kafin a san ƙira, kuma siffarsu ɗaya da ƙarfen tsohonka.

Jikan maƙera, Tibiri

Mushe, Allah ya ƙara sani. Ni ban yi nisa a lakwal ba, amma a bakin zuga-zugi na tashi, bari in ƙara abin da lissafi bai faɗa ba.

Malam Baban Nana, ba laifin gatarinka ba ne, aikin da ba nasa ba ka ba shi. Gatarin sara daban, na faskare daban. Na sara muna buga shi ya yi faɗi da siranta don ya yanke jijiya a gicciye. Na faskare muna barinsa da kumatu. In ka leƙa cikin tsagar lokacin da weji ya yi nisa, za ka ga bakinsa ba ya taɓa komai, a iska yake. Tsagar ta riga shi gaba da kusan taƙi guda, kumatun ne ke ture iccen. To kaifin me zai yi? Kaifi a bugun farko kawai ake buƙatarsa, don ya sami wurin zama.

Bedi kuma munafukin icce ne, jijiyarsa a murɗe take, musamman wajen gindi da inda reshe ya fito. Ka gode Allah ba kirya ba ce. Kirya ko mu gawayinta muke so, ba faskarenta ba.

In za ka sa a ƙera maka, ka ce a yi da sandar ƙarfen nan da ke juya ƙafar baya ta mota. Sifirin ɗin mota yana da kyau a gatari da adda, amma bai da kaurin da weji ke so. Biyu aƙalla, ɗaya siriri na buɗa hanya, ɗaya mai kauri na biyo baya. Mai weji ɗaya, ranar da ya maƙale, ya zama kai da gatarinka. In kuɗin bai kai ba, ka sayi na ƙarfe guda, ka sassaƙa sauran da busasshen marke ko aduwa, in tsaga ta buɗe suna aiki sarai. In icce ɗanye ne yana tofo shi, ka watsa ɗan yashi ko toka a cikin tsagar.

Ga abin da na fi so ka ji. Kan weji, inda guduma ke sauka, ba a ba shi ruwa, wato ba a tsoma shi a ruwa da zafinsa don ya yi tauri, baki kawai ake ba. In kan ya yi tauri, ɓallewa yake. In kuma ya daɗe yana shan duka, sai ya baje ya yi leɓe kamar naman kaza. Leɓen nan shi ne mugun. Wani ƙanen babana ɓarɓashinsa ya tashi ya shige masa ƙasan ido, har ya koma ga Allah da tabon, kuma da ƙyar idon ya tsira. Da ka ga ya fara leɓe, ka kai a goge ko a mayar wuta. Yara kuma su matsa nesa. Kuma don Allah kada ka riƙa dukan bayan gatari da guduma don ya zama weji, haka ake kashe gatari.

Wani abu da Mushe zai so: gatarinmu na Hausa da hauya weji biyu gare su, ba ɗaya ba. Bayan ruwan gatarin akwai wutsiya mai tsini da muke gasawa mu soka a kan ƙota. Tana siriri a ƙarshe, tana kauri wajen ruwan. Duk sara ɗaya ƙara shigewa take, shi ya sa ba ƙusa ba ɗauri amma ba ya fita. Kuma shi ya sa wata rana ƙotar ke tsagewa ta kai, don wutsiyar faskare take yi mata a hankali tun ranar farko. Masassaƙin kirki yana zaɓo ƙota daga inda icce ya yi gwiwa, wurin da jijiya ta cuɗe, don ta jure.

Ɗan masunta, Madarunfa

Sallama ga manya. Ni kan maganar jirgi na shigo, don a kan tabkin nan na girma, tun ina riƙe wa babana gora.

Yaya Baban Nana, kai da ɗanka kowa na da rabin gaskiya. Goshin kwale-kwale raba ruwa yake gida biyu, yana tura shi dama da hagu, wannan kam kamar weji ne. Ka gwada da hannunka a cikin bahon wanka: ka tura tafi a buɗe, sannan ka tura shi ta gefe, za ka ji bambanci. Akwai wani jirgi da aka taɓa haɗa wa wani maƙwabcinmu, mai haɗin ya so ya ɗauki kaya da yawa sai ya yi masa goshi mai faɗi. Kaya kam yana ɗauka. Amma in kana tura shi sai ka ga ruwa ya taru a gabansa kamar kunya a gona, kana zufa kana tsaye wuri ɗaya. Jaki muke ce masa.

Inda na rabu da littafin lakwal shi ne nan: icce in ka tsaga shi ya tsagu ke nan, ruwa kuwa yana komawa ya haɗe a bayanka. Saboda haka gindin jirgi ma na da magana. In goshi ya yi tsini amma baya ya yanke kamar akwati kuma ya nutse cikin ruwa, ruwan sai ya dinga juyi a wurin yana jan ka baya. Shi ya sa kwale-kwalen da ake tuƙawa da hannu yake tsukewa gaba da baya. Ka dubi tarwaɗa ma, kai ne mai faɗi, jela ce siririya. Kuma tsini in ya yi yawa ba alheri ba ne, goshin ba ya da cikin da zai ɗaga shi. Ranar da iska ta taso da kaya a gaba, maimakon ya hau ruwa sai ya soke kai ciki. Don haka ake ɗaga goshin sama kaɗan, ya raba wani ruwan, ya hau wani.

Ni a wurina wejin gaske a jirgi ba goshi ba ne, ƙananan nan ne da ba mai kallo. In ƙulli ya fita daga katako ya bar rami, ana fiƙe ɗan icce mai taushi, a naɗa masa tsumma, a buga. Yana shan ruwa ya kumbura, ba ya sake fita. Tsakanin katako da katako kuma ana cusa tsumma da wani ƙarfe marar kaifi, a bi da kwalta. Ina ɗan shekara goma sha biyu babana ya ba ni wannan aikin. Na ga wuri na yoyo, na ce bari in gama da shi gaba ɗaya, na fiƙe busasshen icce mai tauri na dinga dukansa da dutse. Yoyon ya tsaya. Da muka tura jirgin ruwa sai ga sabuwar tsaga ta bi katakon kusan kamu ɗaya, ruwa na shigowa ta inda da babu komai. Baba bai dake ni ba, ƙwarya ya miƙo mini, na yini ina kwarfa har muka dawo. Abin da ke toshewa shi ne ke fasawa in hannu ya yi nauyi.

Direban kamiyo, hanyar Ɗan Isa

Ku kuna ta maganar fasawa. Mu a wurinmu weji riƙewa yake. Kamiyo mai tan 30 a gangare, guntun katako da yaro ke ɗauka da hannu ɗaya ne ke hana shi tafiya. Taya na son gangarawa sai ta hau kansa, tana hawa tana danne shi a ƙasa, nauyin motar da kansa ke ƙara kafa shi. Ko a gangaren nan da ke sauka wajen Gulbi ba na kashe mota sai na ji yaro ya ce "an sa". Wani yaron mota da na taɓa yi, lalaci ya hana shi ciro na katako, ya tura ɓallin bulo. Bulon ya niƙe kamar ƙuli-ƙuli, Allah ya sa ina cikin mota ƙafata na kusa da birki. A yashi kuma sai an shimfiɗa masa faffaɗan katako, in ba haka ba tare za su tafi.

Maman Hadiza, Mokoyo

Maza da son wahala. Baban Nana, da ka tambayi uwargidanka tun ranar farko da ba a yi maka dariya ba. Wace mace ce ba ta san kabewa ba a yanka ta da kaifi kaɗai? Soka wuƙa ake a ɗan murɗa, ta tsage da kanta. Albasa da tumatir su ke son siririyar wuƙa. Ni wuƙaƙe biyu gare ni, kuma duk yarinyar da ta ɗauki ta albasa ta sari ƙashi da ita ta san sauran. Ƙofar ɗakina ma guntun icce ke riƙe ta tun da iskar bazara ta karya mini ƙugiya, yau shekara uku maigidan na cewa gobe.

Mushe mai ritaya, Ali Ɗan Sofo

Ɗan masunta, na karɓi gyara. Lissafin tsawo a raba da kauri ba ya aiki a ruwa, kuma mu malamai mukan jera goshin jirgi a cikin misalai mu wuce ba tare da mun faɗi haka ba. Siffar ce ɗaya, lissafin daban. Amma akwai inda weji irin na tsohon nan ke ɗaga jirgi sukutum. A tsohuwar hanyar sauke manyan jiragen teku daga inda aka ƙera su, ma'aikata kan jeru gefe biyu da guduma, su dinga buga wejin katako masu yawa a ƙarƙashi a lokaci guda, har nauyin jirgin ya tashi daga kan turakun da aka gina shi ya koma kan katakon da zai sulala da shi cikin ruwa.

Maman Hadiza, ki gaida maigidan, ki ce masa Mushe ya ce wejin na iya kai wata shekara ukun.

Baban Nana, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Maman Hadiza, na karanta wa uwargida naki, har yanzu dariya take.

Jiya na ci karo da dattijon wajen babbar kasuwa, na roƙe shi ya biyo ta gida. Yaron ya ɗauko abin awonsa na lakwal ya auna ƙarafan: siririn tsawonsa 22, kauri 3, babban kuma 20 da 5. Ya yi lissafi ya ce wa tsohon na farko ninki bakwai da ɗoriya ne, na biyu huɗu. Tsohon ya dube shi ya ce, "To, shi ya sa nake fara sa wancan." Na duba kawunansu kuma, biyu sun yi leɓen da Jikan maƙera ya faɗa. Na gaya masa, ya ce ya sani, kuɗin gyara ne babu. Na ƙara masa dala ɗari.

Jikan maƙera, saura saiwar bedin a ƙasa, kuma ta bi ƙarƙashin katanga. Ranar Laraba zan shigo Tibiri. Guda biyu nake so, siriri da mai kauri, ka faɗa mini nawa zan riƙo, kuma ko ka san mai sassaƙa ƙota, don tawa ta tsage ta kai kamar yadda ka ce.